Ƙanena ya ce Salatut Tasbihin da mahaifiyarmu ke yi bidi'a ce

Assalamu alaikum, Malam. Mahaifiyarmu ta daɗe tana yin Salatut Tasbihi duk ranar Juma'a, tun muna yara muke ganinta a kai. Kwanan baya ƙanena ya saurari karatun wani malami da ya ce hadisin wannan salla ƙirƙirarre ne, sai ya same ta a kan sallaya ya ce mata bidi'a take yi, kuma Allah ba zai karɓa ba. Ba ta tanka masa ba, amma daga baya na tarar da ita tana kuka, tana tambayata ko duk shekarun nan wahalar banza ta yi. Ni kuma da na bincika a waya sai na ga wani malamin ya ce hadisin ingantacce ne. Yanzu kaina ya ɗaure. Ta yaya hadisi ɗaya zai zama ingantacce a wurin wani, ƙarya a wurin wani? In malaman hadisi ba su haɗu a kan magana ɗaya ba, da me zan san sauran hadisan ma gaskiya ne? Me zan gaya wa Umma, me kuma zan gaya wa ƙanena?

Wata baiwar Allah

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwa. Allah ya saka miki da alheri da kika damu da hawayen mahaifiyarki, kuma kika zaɓi ki yi tambaya maimakon ki ɗauki ɓangare.

Kafin komai, ki je ki kwantar wa Umma da hankali. Ba wahalar banza ta yi ba. Sallar da take yi, Abdullahi ɗan Mubarak, wanda ya rasu a shekara ta 181 bayan hijira, yana ganin yin ta, kuma Imam Tirmizi ne ya kawo mana wannan labari a cikin littafinsa. Karɓar aiki kuwa na Allah ne shi kaɗai, babu mahalukin da ke da ikon ya ce wa wani "ba za a karɓa maka ba". Shi ma ƙanenki ba daga kansa ya ƙago maganar rauni ba, akwai manyan malamai da suka soki hadisin. Inda ya kuskure shi ne ya ɗauki mas'alar da aka fi shekara dubu ana saɓani a kanta, ya mayar da ita tamkar an gama magana, sannan ya kai wa mahaifiyarsa ita ba tare da ladabin da ya kamace ta ba.

Tambayarki ta farko ita ce uwar sauran, don haka bari mu zauna a kanta. Kowane hadisi ɓangare biyu gare shi. Akwai isnadi, wato jerin mutanen da suka miƙa wa juna maganar: wane ya ji daga wane, shi kuma daga wane, har zuwa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Akwai kuma matani, wato ita kanta maganar. Tun da wuri Musulmi suka fara bin diddigin wannan jeri. Muhammad ɗan Sirin, wanda ya rasu a 110, ya ce da can ba a tambayar isnadi, amma da fitina ta auku sai aka riƙa cewa "ku faɗa mana sunayen mutanenku". Imam Muslim ya kawo wannan magana a gabatarwar Sahihinsa. Daga baya malamai irin su Ibnus Salah, wanda ya rasu a 643, suka tattara sharuɗɗan ingancin hadisi guda 5: isnadin ya zama a sadar babu inda ya yanke, kowane maruwaici ya zama adali, ya zama mai kiyaye abin da ya ji ko ta hadda ko ta rubutu, kada ruwayar ta saɓa wa ta waɗanda suka fi shi ƙarfi, kuma kada a sami wata ɓoyayyiyar illa a ciki. Wanda ya cika su shi ne sahihi. In kiyayewar wani maruwaici ta ɗan yi ƙasa sai a ce hasan, kuma shi ma ana kafa hujja da shi. In wani sharaɗi ya faɗi sai a ce mai rauni. In kuwa an gano ƙaga shi aka yi aka jingina wa Annabi, shi ne maudu'i.

A kan waɗannan sharuɗɗa babu wata jayayya mai yawa. Jayayyar tana zuwa ne wajen ɗora su a kan wani mutum takamaimai da wata ruwaya takamaimai. Ga hadisin Umma nan, mu duba shi tare.

Hanyarsa mafi ƙarfi tana cikin Sunan na Abu Dawud da na Ibnu Majah, kuma Ibnu Khuzaima ya kawo ta. Abdurrahman ɗan Bishir ya karɓo daga Musa ɗan Abdul'aziz, shi kuma daga Hakam ɗan Aban, daga Ikrima, daga Abdullahi ɗan Abbas, cewa Manzon Allah ya koya wa baffansa Abbas wata salla mai raka'a 4. A kowace raka'a za a faɗi "Subhanallah, walhamdu lillah, wa la ilaha illallah, wallahu akbar" sau 75: sau 15 bayan ƙira'a, sai goma-goma a ruku'u, da ɗagowa, da sujada, da zama tsakanin sujadu, da sujada ta biyu, da zaman da ke bayanta. Jimla 300 ke nan. Ya ce masa ya yi ta kullum in zai iya, in ba haka ba duk Juma'a, ko duk wata, ko duk shekara, ko sau ɗaya a rayuwa.

Kusan duk ƙurar tana tashi ne a kan mutum ɗaya a wannan jeri, Musa ɗan Abdul'aziz, mutumin Adan ta ƙasar Yaman. Yahaya ɗan Ma'in, wanda ya rasu a 233, ya ce bai ga wata matsala tare da shi ba. Nasa'i ma haka ya ce. Amma Aliyu ɗan Madini, tsaran Ibnu Ma'in kuma malamin Bukhari, ya raunana shi. Ibnul Jauzi, wanda ya rasu a 597, ya ce ba a san shi ba, kuma ya sanya hadisin cikin littafinsa na ƙirƙirarrun hadisai. Wannan ne tushen maganar da ƙanenki ya ji. Sai dai Ibnu Hajar, wanda ya rasu a 852, ya ce Ibnul Jauzi bai kyauta ba da ya sa shi a can, domin mutumin da Ibnu Ma'in da Nasa'i suka san shi har suka yi magana a kansa ba za a kira shi wanda ba a sani ba. Shi kansa Ibnu Hajar ɗin, a Taƙribut Tahzib, ya taƙaita halin Musa da cewa mai gaskiya ne amma haddarsa ba ta da kyau. Kin ga babu wanda ya ce Musa maƙaryaci ne. Tambayar ita ce, mai gaskiya irin wannan, za a iya dogara da shi a kan wata salla mai siffa ta daban, alhali shi ne ginshiƙin ruwayar?

Akwai wani abu kuma da Ibnu Khuzaima ya nuna. Ɗan Hakam ɗin, mai suna Ibrahim, ya ruwaito wannan hadisi daga mahaifinsa daga Ikrima ba tare da ya ambaci Ibnu Abbas ba, wato isnadin ya yanke. To wa ya kiyaye daidai, Musa da ya sadar, ko Ibrahim da ya yanke? Masu ƙarfafa hadisin suna cewa Ibrahim ya fi Musa rauni, don haka ruwayarsa ba za ta kayar da ta Musa ba. Irin wannan gwama ruwayoyi shi ake kira binciken illa. Shi ya sa Ibnu Khuzaima, da ya zo kawo hadisin, ya gindaya sharaɗi ya ce "in labarin ya inganta", sannan ya ce akwai wani abu a zuciyarsa game da wannan isnadi. Ni dai wannan jimla tasa tana burge ni ƙwarai: malami a littafin da ya keɓe wa ingantattun hadisai, amma bai ɓoye wa mai karatu shakkarsa ba.

Wuri na biyu da aka rabu shi ne maganar yawan hanyoyi. Hadisin ya zo ta wasu sahabbai. Tirmizi da Ibnu Majah sun kawo shi daga Abu Rafi'u, amma a hanyar akwai Musa ɗan Ubaida, mai rauni ne, kuma Tirmizi ya ce hadisin garibi ne, wato ta wannan hanya ɗaya kawai aka san shi daga Abu Rafi'u. Abu Dawud ya kawo wata hanya zuwa Abdullahi ɗan Amru, sannan ya nuna cewa wasu sun ruwaito ta a matsayin maganar sahabin, ba ta Annabi ba. Shin waɗannan raunanan hanyoyi in sun taru suna ƙarfafa juna? Ki ɗauka shaidu ne a gaban alƙali. In mutum uku masu gaskiya amma masu mantuwa, waɗanda ba su haɗa baki ba, suka kawo labari iri ɗaya, alƙali zai natsu. In kuwa ya gano dukkansu daga bakin mutum ɗaya suka ji, ko akwai wanda aka taɓa kama shi da ƙarya, to yawansu bai ƙara komai ba. Malaman da suka ce hadisin hasan ne ko sahihi suna ganin shaidun irin na farko ne. Waɗanda suka raunana shi suna ganin raunin ya yi yawan da taruwar ba za ta gyara shi ba.

Na uku shi ne matanin kansa. Masu suka suna cewa siffar wannan salla ta bambanta da ta sauran salloli, musamman dogon zama da tasbihi bayan sujada ta biyu kafin a miƙe. Suna kuma cewa ibada mai falala haka da ta tabbata, da an ruwaito ta ta hanyoyi masu ƙarfi da yawa. Masu kare hadisin suna amsawa da cewa sallar kisfewar rana ma tana da ruku'u biyu a kowace raka'a, kuma bambancin siffarta bai sa an ƙi ta ba.

Saboda haka aka sami manya a kowane ɓangare. An ruwaito daga Imam Ahmad, wanda ya rasu a 241, cewa babu abin da ya inganta a kanta. Uƙaili ya ce babu hadisi tabbatacce a babin. Ibnu Taimiyya ya soke ta da ƙarfi. A ɗaya ɓangaren, Khaɗib na Bagadaza ya rubuta ɗan littafi ya tara hanyoyinta, Ibnu Nasiriddin na Dimashƙa ma ya rubuta nasa yana rinjayar da ingancinta. A zamaninmu, Shaikh Albani, wanda ya rasu a 1999 miladiyya, ya inganta hadisin, alhali Shaikh Bin Baz da Shaikh Usaimin sun raunana shi. Waɗannan uku kowa ya san irin tsananinsu a kan bidi'a, kuma ga shi sun rabu a nan, hakan bai sa sun daina girmama juna ba. Har ma akwai malamin da ya rabu da kansa: Ibnu Hajar ya raunana hanyoyin a Talkhisul Habir, ya kuma ƙarfafa hadisin a wani littafinsa kan ayyukan da ke kankare zunubi. Imam Nawawi ya raunana shi a Majmu'u, ya ce hasan ne a Tahzibul Asma'i. Duk wanda ya san girman waɗannan biyu zai gane cewa hadisin a kan iyaka yake zaune, tsakanin hasan da mai rauni, shi ya sa ɗan ƙarin nazari ke iya karkatar da shi nan ko can. In kin tambayi inda na karkata, hukuncin cewa ƙirƙirarre ne ya yi tsauri fiye da abin da hujjojin ke ɗauka. Mai cewa hasan ne yana da madogara, mai cewa yana da rauni ma yana da tasa.

Yanzu ga tsoron da ya fi damuna a wasiƙarki, inda kika ce da me za ki san sauran hadisan gaskiya ne. 'Yar'uwa, ki sake duba abin da muka bi ta kansa. Mun san sunan mutumin da ake jayayya a kansa, mun san garinsu, mun san daga wa ya karɓa, mun san wa ya yabe shi da wa ya soke shi, har mun san cewa ɗan malaminsa ya ruwaito abin ta wata fuska. Duk wannan a rubuce yake tun ƙarni na uku na hijira. Ilimin da ke iya nuna miki daidai inda shakka take, ai shi ne ya cancanci ki yarda da shi a inda ya ce babu shakka. Kuma hadisan da ake irin wannan saɓani a kansu ba su ne ginshiƙan addini ba. Yawan raka'o'in farilla, da azumi, da zakka, da aikin hajji, da haramcin riba da zina, duk sun zo ta hanyoyin da ba a jayayya a kansu. Littattafan Bukhari, wanda ya rasu a 256, da Muslim, wanda ya rasu a 261, al'umma ta karɓe su bayan an tankaɗe an rairaye. Daraƙuɗni, wanda ya rasu a 385, ya bi su ya yi suka a kan wasu hadisai, mafi yawa ta fuskar isnadi, sannan Ibnu Hajar ya zo ya bi guda 110 da aka taɓa a Bukhari, ya yi bayaninsu ɗaya bayan ɗaya a gabatarwar Fathul Bari, sharhinsa na Sahihul Bukhari. Ba a bar kowa ba a bincika shi ba, komai girmansa.

Abin da ya kamata ki tsorata da shi yana wani wuri daban: maganganun da ke yawo a waya da sunan hadisi alhali ba su da asali. "Son ƙasa yana daga imani", malamai irin su Sagani sun ce ƙirƙirarre ne. "Saɓanin al'ummata rahama ne", masana sun neme shi ba su samo masa isnadi ba. Ga kuma saƙonnin da ake cewa wanda ya tura wa mutum goma zai ga alheri, wanda ya ƙi zai ga musiba. Waɗannan ba sa cikin sahun hadisin Salatut Tasbihi ko kusa, domin shi yana cikin littattafan Sunan da isnadinsa, ana iya auna shi. Annabi ya ce wanda ya yi masa ƙarya da gangan ya tanadi mazauninsa a wuta, kuma wannan yana cikin hadisan da suka fi kowanne yawan hanyoyi. Muslim ya kawo cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Don haka duk abin da aka turo miki, ki nemi abu uku kafin ki tura gaba: wane sahabi ne ya ruwaito, a wane littafi yake, wane masanin hadisi ne ya yi masa hukunci. Shafin Durarus Saniyya na intanet yana jero hukuncin malamai a kan hadisi tare da littafin da suka faɗa a ciki. In kika ga hukuncin ya bambanta, kada ki tsinci wanda ya yi miki daɗi ki rufe, ki kai wa malamin da ya karanci fannin ya nuna miki dalilin bambancin. Ki kuma sani cewa su kansu masu hukuncin ba awo ɗaya gare su ba. Imam Zahabi ya bayyana cewa akwai masu tsanani irin su Ibnu Ma'in da Abu Hatim, akwai matsakaita irin su Ahmad da Bukhari, akwai masu sassauci irin su Tirmizi da Hakim. In mai tsanani ya ce ba matsala da wani maruwaici, kamar yadda Ibnu Ma'in ya faɗa a kan Musa, maganar tana da nauyi.

Umma kuwa, ki zauna da ita ki gaya mata a sauƙaƙe cewa malamai sun kasu biyu, kuma manya daga cikinsu sun inganta hadisin. Wanda ba masanin hadisi ba, abin da ke kansa shi ne ya tambayi ma'abota sani ya bi wanda ya amince da iliminsa da tsoron Allahnsa, kuma abin da ta yi ke nan. In zuciyarta ta natsu ta ci gaba, ta ci gaba. Ko Ibnu Ƙudama, babban malamin mazhabar Imam Ahmad, bayan ya kawo maganar Ahmad a littafinsa Mugni, cewa ya yi in mutum ya yi ta babu laifi. In kuma shakka ta riga ta shige ta har ba ta samun natsuwa a cikin sallar, to ƙofofin da babu saɓani a kansu a buɗe suke. Ga sallar walha, ga nafilar dare da wutiri, ga "Subhanallahi wa bihamdihi" sau 100 a yini, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito cewa ana kankare wa mai faɗinsa zunubai ko da sun kai kumfar teku. Ki bar ta ta zaɓa da kanta, kada ki matsa mata ta kowane ɓangare.

Shi kuma ƙanenki, kada ki tare shi a gaban mutane, kuma kada ki fara da cewa malaminsa ya yi kuskure, domin nan take zai toshe kunne. Ki fara da yaba masa kishin sunna. Tsoron da yake ji yana da tushe, tunda Muslim ya ruwaito daga Nana A'isha cewa wanda ya aikata abin da babu umarninmu a kai an mayar masa. In shi ya gamsu cewa hadisin bai tabbata ba, kada ya yi sallar, wannan daidai ne a gare shi. Amma ki tambaye shi a hankali: ya san sunan maruwaicin da aka soka? Ya san Albani ya inganta hadisin? Zai iya cewa Ibnul Mubarak ɗan bidi'a ne? Ki tuna masa hadisin Amru ɗan Asi da ke Bukhari da Muslim, cewa mai hukunci in ya yi ijtihadi ya dace yana da lada biyu, in ya kuskure yana da ɗaya. Inganta hadisi ko raunana shi a irin wannan wuri ijtihadi ne, kuma wanda ya bi ɗayan ɓangarorin da kyakkyawar niyya ba a jifansa da bidi'a. Sannan ki gaya masa ƙarara cewa ingancin hadisin Salatut Tasbihi ana saɓani a kansa, amma ayar Suratul Isra'i da ta hana a ce wa iyaye ko da "uf" babu wanda ya taɓa saɓani a kanta. Ya je ya durƙusa ya nemi gafarar Umma, tun kafin a sake buɗe maganar hadisin.

Tunda kuma yana da sha'awar fannin, ki ƙarfafa shi ya zauna gaban malami ya karanta shi daga tushe. Ya fara da Baiƙuniyya, waƙa ce ta ƙa'idojin ilimin hadisi, baiti 34 ce kawai, daga nan ya wuce Nukhbatul Fikar ta Ibnu Hajar da sharhinta. Ke ma babu abin da zai hana ki zama a wannan karatu tare da shi. Allah ya ƙara wa Umma lafiya, ya karɓi ibadarta, ya daidaita tsakaninku.